Hattara da masu tallar "tsofaffin rigunan CBGB" a Instagram

Jama'a, akwai wasu shafuka da ke yawo a Instagram da Facebook suna tallar baƙaƙen tishat masu farin rubutun CBGB a ƙirji. Cewa suke ragowar kayan wani shahararren gidan kiɗa ne na New York mai suna CBGB da aka tono a sito, kuma wai da kuɗin cinikin za a gyara gidan. Damfara ce tsagwaronta, kuma samarinmu masu son gwanjo na da, da masu sara su sayar, su ake farauta.

Gidan kam an yi shi. Hilly Kristal ya buɗe shi a 1973 a lamba 315 kan titin Bowery a Manhattan, ɗan ƙuntataccen wuri mai bango cike da rubuce-rubuce, inda makaɗa irin su Ramones da Blondie da Talking Heads suka yi suna. Rigimar kuɗin haya da masu ginin ce ta kashe shi. Mawaƙiya Patti Smith ta yi wasan ƙarshe a Oktoban 2006, Kristal ya rasu a 2007, a 2008 kuma John Varvatos ya buɗe kantin tufafi a wurin. To wane gida za a gyara? Ɗaya daga cikin masu tallar ma har takardar shaida yake nunawa, wai da sa hannun Kristal, ga kwanan watan bara a jiki.

Ɗan yayata suka cuta, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Yaro ne mai neman na kansa, da guminsa ya tara jarin. Suka ce ya tura rabin kuɗi kafin alƙalami zuwa asusun wani mutum, babu sunan kamfani. Bayan kwana biyu suka ce kaya sun maƙale a kwastan, sai an biya kuɗin fito. Ya biya. Riga ɗaya tal ta iso, daga nan suka toshe lambarsa.

Na juya rigar nan ciki da bai. Warin sabon fenti take yi, rubutun kuma an goge shi da wani abu mai kaushi don ya yi kamar ya sha wanki. Kalmasar hannu ɗinki biyu ne jere, alhali yawancin tishat ɗin Amurka na shekarun 1970 da 1980 ɗinki layi ɗaya ake yi musu. A wuya babu lambar ƙyalle da aka ɗinka, bugawa aka yi a jikin yadin, wannan kuwa yayi ne na bayan shekarar 2000. Duk wanda ya taɓa kwance dilar gwanjo zai gane ta da kallo ɗaya.

Sabuwar riga mai wannan tambari ba laifi ba ce, ana yin su har gobe. Amma kuɗin sabuwa za ka biya, ba na kayan tarihi ba. Kafin ka tura ko sisi, ka ce a nuna maka kalmasa da wuyan rigar a kiran bidiyo, kuma kada ka yarda da biya sai kaya sun zo hannu. Wanda ya riga ya tura, ya hanzarta zuwa bankinsa da shaidar turawar da hotunan hirarsu, sannan ya kai ƙara EFCC, tun kafin su goge shafin su buɗe wani da sabon suna.