Chrome, Opera Mini ko Firefox: wacce za ka bari a ƙaramar waya?

Malam, ka ce wayarka Itel ce mai ƙwaƙwalwa gig 2, datar da kake saya ta wata ɗaya ba ta kai ka ko sati biyu, kuma ka rasa wacce manhajar buɗe shafukan intanet za ka riƙe tsakanin Chrome da ta zo da wayar, da Opera Mini da yaron shagon caji ya saka maka, da Firefox da kake jin ana yabo. Duka ukun na yi zama da su shekara da shekaru, a waya da kwamfuta, don haka ga abin da na gani.

Da tsohuwar zuma ake magani, bari mu fara da Opera Mini. Duk wanda ya riƙe Nokia mai madannai a zamanin 2go ya san jan harafin nan. Kamfanin na birnin Oslo ne a ƙasar Norway, ya fitar da ita ga duniya a farkon 2006, kafin wasu attajiran China su saye shi a 2016. Dabararta ita ce, idan ka nemi shafi, ba wayarka ce ke zuwa ta ɗauko shi ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke ɗaukowa, su rage wa hotuna nauyi, su zubar da tarkace, su matse sauran, sannan su miƙo maka. Kamar ka aiki yaro ya sayo maka rake, ya fere ya yayyanka tun a can, ya kawo maka a leda. Kamfanin yana cewa ragin kan kai kashi 90 cikin 100. Ni dai ban taɓa zama na auna ba, amma a shafukan rubutu, irin labarai da sakamakon ƙwallo da fatawoyi, bambancin a fili yake. A ƙauyenmu inda sabis ke tsayawa a sanda ɗaya, sai ka karanta rabin labari da ita, Chrome tana nan tana juya ɗan zobenta.

Sai dai yaron aiken nan ya san abin da ke cikin ledar. Idan ka sa ta a matsi mafi tsanani, ko shafin da ke da alamar kwado ne, wato alamar tsaro, a wajen kamfanin ake buɗe shi kafin a sake ƙunshe shi zuwa gare ka. Ba ɓoye wannan suka yi ba, haka tsarin yake aiki. Shi ya sa ba na shiga banki da ita, ba na rubuta lambar kati a cikinta. Na biyu, wajen ferewar akan haɗa da wasu sassan da ke sa shafi motsi, sai ka danna maɓalli ya ƙi amsawa, ko fom ya fito a karkace. Akwai matsi mai sauƙi a saitinta wanda ke rage wannan, amma shi ma ragin datarsa bai kai na farkon ba. Fuskarta ta farko kuma cike take da labarai da talla. Ka shiga saiti ka kashe sanarwa, za ka ji sanyi. Af, OPay ɗin da kake tura kuɗi da ita, daga gidan Opera ta fito a 2018.

Chrome kuwa ta Google ce, tun 2008. Ba ta matse komai. A da tana da wani tsarin tsimin data, amma an cire shi a watan Maris na 2022. Tana cin ƙwaƙwalwa, musamman ga masu tara shafuka talatin a buɗe ba su rufe ko ɗaya ba, kuma a waya irin taka za ka ji nauyin. To me ya sa har yanzu nake cewa kar ka rabu da ita? Saboda masu gina shafuka da ita suke fara gwada aikinsu. Cike fom ɗin makaranta, neman aiki, biyan kuɗi ta Remita, ɗora hoton fasfo, duk a nan suka fi tafiya daidai. Tana adana kalmomin sirrinka a asusun Gmail, ko wayar ta faɗa ruwa za ka same su a sabuwa. Tana kuma juya shafi zuwa Hausa, duk da fassarar wani lokaci sai ka yi dariya. Abin da kake biya shi ne, Google da talla take cin abinci, kuma abin da kake nema yana taimaka mata ta san tallar da za ta nuna maka. A yawancin wayoyin Android ma ba ta goguwa, sai dai a dakatar da ita.

Firefox ita ce zaɓin raina, amma a kwamfuta. Gidauniyar Mozilla ce ke bayanta, ta fito a 2004, kuma tana da injinta na kanta, alhali takwarorinta irin su Edge da Brave da babbar Opera duk a kan ginshiƙin Chrome aka ɗora su. Tun 2019 take toshe masu bibiyar sawunka daga shafi zuwa shafi ba sai ka ce mata ba, kuma a Android tana karɓar ƙarin kayan aiki irin uBlock Origin, mai hana talla fitowa. Talla da ba ta sauko ba, data ce da ba ka biya ba. Abin dariyar shi ne, kaso mafi tsoka na kuɗin Mozilla daga Google yake zuwa, ladan barin ta a matsayin wurin bincike na farko. A waya mai gig 2 dai, a ganina ba za ta fi maka Chrome sauƙi ba.

Don haka da ni ne kai, biyu zan bari: Opera Mini don karatu, Chrome don duk abin da ya shafi kuɗi ko fom. Firefox ta jira ranar da Allah ya hore babbar waya.

Amma Malam, ina zargin ɓarawon datarka ba ya cikin ukun nan. Bidiyo ne. Matsin Opera Mini bai shafi abin da kake kallo a cikin manhajar Facebook ko TikTok ko WhatsApp ba, don waɗannan ba ta hannunta suke bi ba. Ka shiga saitin waya wajen lissafin data, za ta jero maka wace manhaja ta ci nawa a watan nan. In ka ga Facebook a sama, ka koma Facebook Lite, wacce aka yi a 2015 musamman don wayoyi irin namu, ka kuma hana bidiyo kunna kansa. A WhatsApp ka kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, musamman in kana cikin zaurukan dangi inda ake turo wa'azi ɗaya sau biyar a yini. Ka gwada haka na sati biyu, sannan ka sake duba lissafin ka faɗa mini wa ya hau sama.