Tsarin gano fuskar bogi na YouTube: yana nemo bidiyo, amma ba ya karɓo diyya

A watan Oktoban 2025 kamfanin YouTube ya fara buɗe wa masu tashoshin da ke cikin shirinsa na raba kuɗin talla wani tsari mai bincika bidiyoyin da ake ɗorawa, domin gano inda aka haɗa fuskar mutum da ƙirƙirarriyar basira ba da izininsa ba. Tun a Disambar 2024 kamfanin ya sanar da haɗin gwiwa kan wannan aiki da Creative Artists Agency, wanda ke wakiltar manyan taurarin Amurka. Buƙatar a fili take, domin a 2023 sai da jarumin fina-finan Amurka Tom Hanks ya fito ya gargaɗi jama'a cewa wani tallan kula da haƙora da ke yawo da fuskarsa ba shi ya yi ba.

Mai son shiga yana miƙa katin shaidarsa na hukuma da gajeren bidiyon fuskarsa, daga nan kuma bidiyoyin da ake zargi su riƙa bayyana masa a shafinsa na YouTube Studio, wato wurin da masu tashoshi ke kula da bidiyoyinsu, inda zai duba ya nemi a sauke wanda ya ga an ci da guminsa. Wannan ɓangaren ya cancanci yabo, domin a da sai dai tauraro ya ji a bakin masoyansa cewa ana tallan magani da fuskarsa, bayan an riga an damfari mutane.

Sai dai iyakar tsarin a kusa take. A lokacin da aka buɗe shi fuska kaɗai yake ganewa, alhali da kwaikwayon murya ake yin ɓarna mai yawa. Neman saukewa kuma roƙo ne wanda kamfanin zai auna, yana iya ƙi idan ya ɗauki bidiyon a matsayin barkwanci ko shaguɓe. Haka nan ba ya leƙa TikTok ko Facebook, balle WhatsApp. Akwai kuma abin da ya fi damuna: dole ne mutum ya damƙa wa kamfani bayanan fuskarsa kafin a kare masa ita.

Babban giɓin shi ne kuɗi. Ko an sauke bidiyo, ribar da mai tallan ya ci tana aljihunsa, kuma doka ce kaɗai ke iya ƙwato ta. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar da aka kafa tun 1971 ta ba wanda aka yi talla da sunansa ko hotonsa damar karɓar aƙalla dala 750 ko gwargwadon asararsa, haɗe da ribar da aka samu da shi, yayin da jihar Tenesi ta sanya murya cikin abubuwan da dokarta ke karewa a 2024. Najeriya ba ta da doka ta musamman a kan wannan, shi ya sa lauyoyi ke dogara da sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ke kare sirrin mutum, da dokar kare bayanai ta 2023.

Saboda haka jarumin Kannywood ko mawaƙin da tasharsa ta cika sharuɗɗa ya kamata ya shiga, amma kafin ya nemi a sauke kowane bidiyo ya adana kwafinsa, da sunan tashar, da ranar da aka ɗora shi, domin da su lauyansa zai tsaya a gaban kotu.