Kundin The White Stripes: wanne ya kamata ka fara saya?

Duk mai kallon ƙwallon Turai ya san sautin nan da 'yan kallo ke rerawa baki ɗaya idan ƙwallo ta shiga raga, wanda magoya bayan Italiya suka ƙara yaɗawa a gasar cin kofin duniya ta 2006. Daga waƙar "Seven Nation Army" ya fito, ta ƙungiyar The White Stripes, mutum biyu kacal 'yan birnin Detroit na Amurka: Jack White da jita da murya, Meg White a kan ganguna. Kiɗansu irin na 'yan gareji ne na shekarun 1960, wato kiɗan rock da matasa ke bugawa a garejin gida, mai ƙara, mai kaushi, ba a goge shi ba. Kundi shida suka fitar tsakanin 1999 da 2007, suka rabu a 2011. Ga mai kuɗin kundi ɗaya, zaɓin bai wuce tsakanin uku ba.

Elephant, na 2003, shi ne wanda aka fi sani. An ɗauki kusan dukansa a sutudiyon Toe Rag da ke Landan, a kan tsohuwar na'urar tef mai layi takwas, ba a taɓa kwamfuta ba. Mujallar Rolling Stone ta ba shi taurari biyar cif, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ya ci kyautar Grammy a 2004. Amma mujallar intanet ta Pitchfork maki 6.9 cikin 10 ta ba shi, alhali ta ba wanda ya gabace shi, White Blood Cells, 9.0. Ƙorafin da ake yawan yi wa ƙungiyar biyu ne: wai Jack ya cika aron kayan magabatan blues, tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, kuma wai bugun Meg ya yi sauƙi da yawa. Na biyun nan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Bugunta kamar dakan sakwara yake, nauyi da maimaici, kuma shi ne ke ba jitar fili ta yi ihu. Saurari "Ball and Biscuit", mai tsawon sama da minti bakwai, ka ji yadda gangar ke riƙe da waƙar. Kuma kaurin sautin da ke buɗe kundin, a waƙar "Seven Nation Army", ba daga jitar bes ya fito ba, jita ce aka bi da ita ta wata na'ura mai saukar da murya.

White Blood Cells, na 2001, a Memphis aka ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, kuma gaggawar tana fitowa a kunne. Waƙoƙin gajeru ne, "Fell in Love with a Girl" ko minti biyu ba ta kai ba. Babu dogon kirarin jita, sun kuma ajiye blues gefe da gangan. Idan ɗanyen ƙara kake nema, na yaran da suka shiga ɗaki suka buga suka fito, wannan ne naka. Sai dai a ƙaramar lasifikar waya sautinsa kan yi tsini har ya gajiyar.

De Stijl, na 2000, a falon gidan Jack aka naɗe shi. Ya fi dacewa da mai son jin tushen abin, domin a ciki suka sake rera "Death Letter" ta tsohon mawaƙin blues Son House. Ni dai a matsayi na uku nake ajiye shi ga sabon shiga.

Akwai kuma tarin fitattun waƙoƙinsu guda 26 da kamfanin Third Man ya fitar a 2020. Yana da amfani a mota, amma ya raba waƙoƙin da 'yan uwansu, alhali kowane kundi da yanayin ɗakin da aka ɗauke shi.

Shawarata, ka fara da Elephant. Makin Pitchfork kada ya hana ka, domin a nan ne ƙarfin ƙarar da ingancin ɗauka suka haɗu. In kana da garmaho mai kyau, nemi baƙin faifai, wanda ke zuwa biyu a kwali ɗaya. In na hannu ne, ɗaga shi a haske ka duba ƙarzuwa kafin ka biya. In babu garmaho, CD da lasifika mai kauri sun wadatar.