Spider-Man a ɗakin wani yaro: sharhi kan fitowa ta 248

Labari biyu ne a cikin fitowa ta 248 ta mujallar zane ta Amazing Spider-Man, wadda kamfanin Marvel ya fitar da kwanan watan Janairun 1984. Na farko dambe ne da wani ƙato mai suna Thunderball, mai wulwula ƙwallon ƙarfe da sarƙa. A kai bugu, a goce, a rama. Ko ba ka karanta shi ba, ba ka yi asarar komai ba.

Na biyun ne ya sa na ɗauki alƙalami. Roger Stern ya rubuta, Ron Frenz ya zana, Terry Austin ya bi da tawada. Wani yaro ne ɗan shekara tara, Tim Harrison, wanda ba shi da aiki sai tara duk abin da ya shafi Spider-Man: guntayen jaridu, tsofaffin hotunan talabijin, har da harsasai da ya tono daga inda aka taɓa artabu. Wani ɗan jarida ya yi rubutu a kansa, sai ga jarumin da kansa ya shigo masa ɗaki da dare. Shi ke nan, hira ce kawai har ƙarshe. Ko mari ba a yi ba.

Duk wanda ya tashi a Katsina ya san wannan zumuɗin. Ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, kana ɗan ƙarami kana kutsawa tsakanin ƙafafun manya don ka ga 'yan lifida, in ɗaya ya ko dube ka, ka sami labarin mako guda. Frenz ya kama wannan a fuskar Tim: ido a waje, baki a buɗe, tambaya na bin tambaya.

Inda abin ya fi shiga raina shi ne da jarumin ya daina wasa. Ya nuna wa yaron na'urar da ke wuyan hannunsa mai harba zare, ya gaya masa yadda gizo-gizo ya cije shi. Sannan ya faɗi abin da yake jin kunyarsa: ɓarawon da ya bari ya wuce ta gabansa, wanda daga baya ya kashe kawunsa Ben. Tsohon labari ne, tun 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka kafa shi, amma jin sa daga bakin mai laifin, a gaban yaron da ya ɗauke shi gwarzo, daban ne. Da Tim ya roƙe shi ya faɗi ko shi wane ne, ya juya zai fita, ya tsaya, sai ya cire abin rufe fuskar. Yaron ya gane Peter Parker ne, mai ɗaukar hoton da ke sayar wa Jameson, shugaban jaridar da ke yawan sukar Spider-Man, hotunan kansa, dariya ta ƙwace masa. Ni ma haka.

Wanda bai son a ɓata masa, ya tsallake wannan. Sai a shafin ƙarshe ragowar rubutun ɗan jaridar ya bayyana cewa Tim na fama da sankarar jini, makonni kaɗan suka rage masa. Wasu za su ce marubucin ya yi dabarar matso hawaye ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai da na sake bi daga farko, na ga ba a yaudare ni ba; dalilin cire fuskar yana nan tun tuni.

A waya na karanta, kuma guntayen jaridar da aka saƙa tsakanin zanen ƙanana ne, sai ka yi ta buɗawa da yatsu. Turancin ba mai wuya ba ne, ɗan sakandare zai iya. Amma 'yar yayata mai shekara takwas da ta nace sai na karanta mata, a wurin dariyar na rufe. Na ce mata nan ya ƙare.