Biron UV na sa wa kaya alama, ga yadda na same shi

Masu tambaya ko biron nan mai ɓoyayyar tawada da ake sa wa kaya alama da shi saboda ɓarayi yana aiki, eh yana yi, amma ku san iyakarsa tukuna. Kamar biron maka (marker) yake, in tawadar ta bushe ba ka ganin komai da ido sai ka haska ɗan tocilan ɗin UV (wani irin haske na musamman) da ke zuwa da shi, sai rubutun ya fito yana ƙyalli shuɗi-shuɗi. Na rubuta lambar wayata a bayan talabijin da ƙasan laftof da cikin murfin batirin rediyo, a roba da ƙarfe gaskiya ya kama sosai, a katakon da ba fenti kuwa tawadar nutsewa take yi ta baje har ba ka iya karanta lambar.

Matsalarsa babba gogewa. Gefen laftof ɗin da hannu ke yawan kamawa lambobin sun fara dishi-dishi, na cikin murfin batiri kuwa yana nan raɗau, don haka ku nemi lungun da hannu da rana ba sa kaiwa kuma ku riƙa dubawa kuna sabuntawa. Keke da babur da kayan da ke kwana a waje kar ma ku wahalar da biron, a zana lambar a jikin ƙarfen kawai.

Abin da nake so mutane su gane shi ne alamar da ba a gani ba ta tsorata ɓarawo, amfaninta sai 'yan sanda sun kamo kaya ana neman mai shi. Sitikar gargaɗin da ke cikin kwalin ita ce mai tsorata shi, sai a manna ta a ƙofa da taga, shi ɓarawo sayarwa zai yi ai, kayan da za a iya gane mai su ba ya son ɗauka. Sannan a rubuta siriyal lamba ta kowane abu a littafi a ɗau hoto, waya kuma danna *#06# IMEI ɗinka, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, zai fito, adana shi wani wuri ba cikin wayar ba.

Mai son abin da ya fi wannan ƙarfi akwai irin su SmartWater da SelectaDNA, ruwa ne mai lamba ta musamman da ake yi wa rajista da sunanka.

Ni dai mun haɗa biron da guruf ɗin maƙwabta masu sa ido a unguwa, tsarin da a Amurka aka kafa tun 1972 da sunan Neighborhood Watch, Ingila ta bi a 1982, kuma wallahi maƙwabcin da zai kira ka in ya ga baƙuwar fuska tana leƙen katangarka ya fi biron amfani. Biro ɗaya ya zaga gidaje da yawa a layinmu tawada ba ta ƙare ba. Ku saya, amma ku tanadi batirin tocilan ɗin daban don yana saurin mutuwa.