Manhajar YouVersion: Ta Isa Nazarin Galatiyawa 3 da Hausa?

Manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion kyauta ce, cocin Life.Church na Amurka ne ya fito da ita a 2008, kuma tana ɗauke da fassarar Hausa, har da Sabon Rai Don Kowa. Sura ta 3 ta Galatiyawa, wasiƙar Manzo Bulus a Sabon Alkawari, ita ce wurin gwada ƙwazon manhajar, domin a nan Bulus ya ɗaure bangaskiya da Shari'ar Musa da alkawarin Allah ga Ibrahim a igiya ɗaya, yana ta ciro ayoyi daga Tsohon Alkawari.

A nan ne manhajar ta ciri tuta. Aya ta 6 tana mayar da mai karatu Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci. Aya ta 10 daga Maimaitawar Shari'a 27:26 take, ta 11 daga Habakuk 2:4, ta 13 kuma daga Maimaitawar Shari'a 21:23. Mai riƙe da littafin takarda sai yatsunsa sun ƙare wajen tare shafuka. A waya kuwa taɓawa biyu ko uku ne ka je ka dawo. In ka danna aya ka zaɓi kwatantawa, fassarori za su jeru, ka ga yadda kowace ta bi da aya ta 24, wadda ta kira Shari'a mai kula da mu kafin zuwan Almasihu.

Kafin a fara, a buɗe asusu, a sauke fassarar Hausar tun ana da data, don kada karatu ya tsaya in sabis ya ɗauke ana tsakiyar binciken Littafi a coci. Sannan a ware kala uku na shafa ayoyi: ɗaya ta alkawari, ɗaya ta Shari'a, ɗaya ta bangaskiya. Da an shafa 3:15 zuwa 29, tsarin hujjar zai fito fili. Alkawari ne ya riga, Shari'a ta biyo baya da shekara 430, don haka ba ta soke shi ba. An ƙara ta ne saboda laifofi.

Inda manhajar take gazawa shi ne bayani. Mai lura zai ga, game da zaman zuriyar Ibrahim a baƙuwar ƙasa, Farawa 15:13 ta ce shekara 400, Fitowa 12:40 ta ce 430, kuma nassin shi kaɗai ba zai warware masa wannan ba. Sai malami ko littafin sharhi.

Babbar matsalar ma ita ce ɗabi'ar da take koya wa mutum. Ayar yini, hoto mai kyau, a tura WhatsApp, shi ke nan. Galatiyawa ba ta karantuwa haka. Wanda ya tsinko 3:25 kawai, wadda ta ce da zuwan bangaskiya ba mu kuma ƙarƙashin mai kula da mu, zai ɗauka an ba shi lasisin yin abin da ya ga dama, alhali 5:13 da 14 sun hana a mai da 'yanci hujjar biye wa son zuciya, sun ce Shari'a duka ta cika cikin ƙaunar maƙwabci. Maganin shi ne a karanta surar daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, a bi ta da Romawa 4 da Yakubu 2:14-26, tukuna a fara tura wa jama'a.

Ga mai jagoran bincike da ɗalibin makarantar Littafi, ta cancanci gurbi a waya. Sabon mai bi kuwa ya fara surar nan tare da wanda ya san ta.