Inci uku daga kan a-kori-kurar Baba: aikin wani gareji a Farin Gada

Motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Peugeot 404 a-kori-kura, ƙirar 1978, haɗin Kaduna, daga kamfanin nan da ya fara aiki a Kakuri a 1975. Da ita ya yi shekaru yana ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu zuwa Jos, da ita kuma aka kai kayan ɗakin yayyena biyu. Bayan rasuwarsa ta zauna a ƙofar gida ƙarƙashin wata bishiyar turare, har ranar da iskar farkon damina ta karyo reshe ya faɗo mata a ka. Rufin ya lotsa kamar an taka gwangwani, gilashin gaba ya zube ƙwaya-ƙwaya a kan kujera, ginshiƙin gefen direba kuma ya lanƙwashe daga sama.

Masu sayen ƙarafa sun yi ta zarya, Hajiya ta ce ba a gabanta ba. Ni ma ban so ba. Sai na ja ta zuwa Farin Gada, wurin wani dattijo mai gyaran bodi wanda tun ina yaro nake ganin Baba yana kai masa ita. Ba zan faɗi sunansa ko na garejin ba, domin a cikin abin da zan rubuta akwai yabo, akwai kuma ƙorafi.

Ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba. Ya sa farce ya ɓantaro fenti a bakin magudanar ruwan da ke gefen rufin, sai ga tsatsa ta cinye wurin kamar gara ta shiga itace. Ya ce, "Ɗan Alhaji, saman ginshiƙan nan ya mutu tun kafin bishiya ta faɗo. Ko dai a nemo kan wata 404 a dasa, ko a yanke ruɓaɓɓen a ƙera sabo." Mun yi mako biyu muna cigiyar kan wata, har Panteka ta Kaduna na aika. Wanda aka samu ya fi namu ruɓewa.

A nan ne na fito da waya na nuna masa abin da na daɗe ina kallo: tsofaffin motocin Amurka da aka yanke musu ginshiƙai aka sauko da rufin. Asalin abin daga masu tsere ne a busassun tafkunan Kalifoniya, sannan filin gishirin Bonneville, inda suke rage tsayin mota don iska ta daina riƙe ta. Daga baya ya zama ado, musamman bayan wani mai gyaran bodi a can, Sam Barris, ya sauko da rufin motar Mercury ƙirar 1949. Na ce, "Baba, tunda saman ne ya lalace, me zai hana ku yanke shi ku sauko da rufin kawai?" Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Ya ce ya sha yanke bayan 504 doguwa ya mai da ita a-kori-kura, amma irin wannan bai taɓa yi ba, kuma in na yarda zai yi shi a hankali. Wannan maganar ce ta sa na bar masa motar. Da ya ce mini ƙaramin aiki ne, da na ja abata na tafi.

Na so inci biyar. Ya zaunar da ni a kujerar direba, ya ce in sa hulata yadda nake sa ta ranar Juma'a, ya ɗora katako a kaina ya auna. Ya ce inci uku, ba ƙari. Yanzu da nake tuƙa ta na san ya yi gaskiya, domin ko da ukun sai da aka sassauto kujerar ƙasa kaɗan kafin zanna ta daina gogar sili.

Aikin ƙarfen shi ne inda garejin nan ya cancanci kuɗinsa, kuma a nan zan daɗe. Kwana uku na farko babu wanda ya taɓa zarto. An cire kujera, sili, gilasai da wayoyin da suka bi ta cikin ginshiƙi. An ɗora motar a kan turaku, aka daidaita ta da ma'aunin magina har ƙwayar ruwan ta tsaya a tsakiya gaba da baya, hagu da dama. Sannan ya sa yaransa suka walda bututan ƙarfe a cikin ɗakin, ɗaya daga bakin ƙofa zuwa bakin ƙofa, biyu a gicciye. Na tambayi dalili. Ya ce rufi shi ne murfin da ya riƙe bakin tukunya, ranar da aka ɗauke shi bango zai buɗe, kuma ƙofar da ta saba rufuwa shekara arba'in ba za ta ƙara shiga gurbinta ba. Ya buga alama da ƙusa a wurare takwas, ya rubuta tazarar kowace da alli a jikin bangon shagon. Har aka gama aikin, duk safiya da waɗannan lambobin yake farawa.

Ranar yankan na je tun bayan asuba, sanyin Jos yana ratsa riga. Bai yarda a yi amfani da injin yanka a kan ginshiƙai ba, ya ce yana cin ƙarfe fiye da yadda aka nufa. Zarton hannu ya ɗauka, shi da kansa. Bai yanka ginshiƙan huɗu a layi ɗaya ba, kowanne ya nemi inda ya fi miƙewa, inda faɗin sama da na ƙasa suka kusa zama ɗaya. Da aka gama, mutum huɗu suka ɗauke rufin suka ajiye a kan tsofaffin tayoyi. Na tsaya ina kallon sitiyarin Baba da hannun giyar da ke jikinsa a fili ƙarƙashin sama, gabana ya faɗi. Daga nan babu komawa.

Abin da bidiyon waya bai nuna mini sosai ba shi ne wannan: kan mota yana tsukewa ne yayin da yake hawa sama. Ginshiƙan gaba sun kwanta baya, na gefe sun karkato ciki. Saboda haka da aka cire inci uku aka mayar da rufin, sai ya zama kamar hular yaro a kan babba, bai kai gaba ba, bai cika gefe ba. Hanya biyu ce. Ko a ƙara kwantar da ginshiƙan su tarbi rufin, ko a tsaga rufin a ƙara masa tsawo da faɗi. Dattijon ya zaɓi ta biyu, ya ce in aka taɓa kwanciyar ginshiƙan gaba, lanƙwasar gilashin 404 ba za ta ƙara zama a gurbin ba. Ya tsaga rufin gida huɗu, ya haɗa kowace kusurwa da ginshiƙinta, sannan ya cike giɓin tsakiya da fallen da ya yanko daga rufin wata matacciyar 504, domin kaurinsu ya zo ɗaya. A cikin kowane ginshiƙi ya zura guntun ƙarfe ya haɗe sama da ƙasa kafin ya rufe da walda. Wannan ba ya ganuwa bayan fenti, kuma mai ha'inci zai tsallake shi, amma shi ne abin da zai riƙe rufin in Allah ya kawo tsautsayi.

Waldar gas yake yi, irin ta kabaid, wadda zafinta ke murɗe falle in aka yi gaggawa. Sai ya ɗiga ɗigo ɗaya a nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga wani, ya ɗauki guduma da ƙarfen tokara ya daddaki wurin tun yana da ɗumi, ya shafa da tafin hannu idonsa a rufe. Tsagin da bai kai tsawon hannu biyu ba ya ci masa yini biyu. Wani yaronsa ya ce a cike sauran da bodi-fila a wuce wurin, ya daka masa tsawa. Bayan an yi fenti na bi rufin da maganaɗisu, kuma kusan ko'ina ya kama, alamar ƙarfe ne a ƙasa ba tulin fila ba. Firam ɗin ƙofofin ma an rage su daidai, suna rufuwa da turawa ɗaya.

Matsalar duk a gilashi take, kuma a nan raina ya ɓaci.

Gilashin mota iri biyu ne. Akwai gasasshe, wanda in ya fashe yake zubewa kamar tsakuwa, irin wanda bishiya ta fasa mana. Wannan ba ya yankuwa ko kaɗan, ana sa masa lu'ulu'un yanka zai tarwatse. Akwai kuma mai falle biyu da leda a tsakani, shi ne ake iya ragewa: a ja layi a sama, a ja a ƙasa daidai kansa, a karya a hankali, a ɗumama ledar a yanke ta da reza. Ya kamata a ce tun kafin zarto ya taɓa ginshiƙi an nemo gilashin gaba mai leda, an rage shi, sannan a gina gurbin a jikinsa, domin ƙarfe yana bin gilashi amma gilashi ba ya bin ƙarfe. Garejin bai yi haka ba. Sai da aka gama walda aka fara neman gilashi. Na farko da aka samo ya tsage daga kusurwa a hannun mai yankan da suka kira, kuma ni na biya kuɗin na biyu. Na biyun ya yanku lafiya, amma ya bar rata a kusurwar sama ta gefen fasinja, dole aka sake buɗe waldar da aka riga aka gama a wurin. Aikin da aka ce mako huɗu ya kai mako tara, kuma abin da na kashe a kan gilasai ya kusa rabin kuɗin aikin ƙarfen gaba ɗaya, alhali ba a ambace shi ba lokacin ciniki.

Wanda ya fi damuna shi ne na ƙofofi. Na zo wata ranar Asabar dattijon ba ya nan, na tarar an yanko gilasai biyu an jingina a bango. Na duba bakinsu, babu leda, babu tambari. Gilashin tagar gida ne. Irin wannan in ya fashe yakan zama wuƙaƙe, kuma a daidai wuyan mutum yake zaune. Mai yankan ya ce haka suke sa wa motocin haya kullum. Na ce ba a motar da 'ya'yana za su shiga ba. Da dattijon ya dawo na faɗa masa, ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗan Alhaji, laifina ne da na bar musu." Ya sa aka zana gurbin a kwali, aka yanko masu leda, kuma bai karɓi ko sisi a kan wannan ba. Na yaba da yadda ya karɓi laifin, amma da ban leƙo ranar ba, da an ɗaura su an ba ni mota.

Fentin ba laifi. Na ce a mayar mata da farinta na asali, an yi, sai ɗan ƙurar da ta zauna a kan bonet saboda a fili suke feshi. Robar gilashin gaba an yanke ta an haɗa da gam, kuma ruwan farko da ya same ni a hanyar Bukuru ya ɗigo mini a gwiwa ta wurin haɗin. Na mayar, suka cire suka juya haɗin ya koma ƙasa, suka sa gam mai kyau. Tun daga nan ta sha ruwan Agusta har da ƙanƙara sau ɗaya, ciki a bushe. Waifa ma sai da aka sa gajeru, don na asalin suna haura saman gilashin. Lambar inji da ta shasi ba a taɓa su ba, takarduna suna nan yadda suke.

A tuƙi, abin da ya canza shi ne gani. Gaba da gefe lafiya lau, amma in na tsaya dab da fitilar kan hanya sai na ɗan sunkuya kafin in ga ta ba da hannu. Wanda ya fi ni tsawo zai takura. Ban ji wani bambanci a gudu ko shan mai ba, injinta mai lita 1.6 yana nan yadda Baba ya bar shi, kuma ba don wannan na yi ba. A ido kuwa ta yi kyau ƙwarai. Ta zauna ƙasa, ta yi faɗi, kuma wanda bai san 404 ba ba zai ce an taɓa ta ba. Tsofaffin direbobi ne ke tsayawa a gidan mai suna kallonta, suna cewa akwai abin da ya sauya amma sun kasa kama shi.

In kana da tsohuwar mota mai lafiyayyen rufi, ban ba ka shawarar ka yanke ta ba, domin 404 da 504 masu cikakken jiki suna ƙarewa a ƙasar nan. In kuwa rufin ya riga ya mutu kamar namu, zan kai ka wurin dattijon nan da kaina, da sharaɗi uku da za ka kafa tun ranar ciniki: a fara samo gilashin gaba mai leda a rage shi kafin a yanka ƙarfe, a faɗi wanda zai biya in ya fashe, kuma kada a ɗaura kowane gilashi sai ka duba bakinsa da idonka.

Makon jiya na ɗauki Hajiya muka je Bokkos gaisuwa. Ta shiga, ta ɗaga hannu ta shafa silin, ta ce ya matso kusa. A dawowa muka ɗoro buhu huɗu na dankali a baya.